Wai bauta ce ta koya musu sana'a?

Jama'a ku ji wata magana. A Yulin 2023 hukumar ilimi ta jihar Florida a Amurka ta amince da manhajar tarihi mai cewa wasu bayi sun koyi sana'o'in da suka amfane su. Kamala Harris ta yi tir, Gwamna DeSantis kuwa ya kare manhajar.

Ni dai Umar bin Sa'id ne ya faɗo min a rai. Malami ne daga Futa Toro, aka sauke shi a Charleston a 1807. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, kuma har ya rasu ba a 'yanta shi ba. Da iliminsa ya je can, 'yancinsa aka ƙwace. In aka ɓoye wa yara irin wannan, gobe sai su ɗauka alheri aka yi wa bayi.