Kaurin wayar hitar shawa

Kaurin wayar hitar shawa shi ne girman jan ƙarfen da ke cikin wayar da ke kai wuta ga hitar da ke ɗumama ruwan wanka nan take. Ana auna shi da murabba'in milimita (mm²). Awon na jan ƙarfen ne kawai, ban da robar da ta lulluɓe shi. Sanin wannan kauri shi ne matakin farko kafin a canza hita, domin siririyar waya takan yi zafi, ta narke, har ta haddasa gobara.

Yanayi a Mando

Unguwar Mando da ke arewacin birnin Kaduna tana samun wuta daga kamfanin Kaduna Electric, kuma a nan ne kamfanin TCN yake da babbar tashar wuta mai ƙarfin kilovolt 330. Wutar gidaje a Najeriya volt 230 ce, kuma tsarin wayoyin ya samo asali ne daga na Birtaniya. Da sanyin hunturu buƙatar ruwan zafi takan ƙaru. Gidaje da yawa suna da hita mai tanki, wadda ba ta cika wuce kilowat 2 ba, kuma wayar 2.5mm² ta ishe ta. Matsala tana tasowa ne idan aka cire ta, aka ɗaura hitar nan take mai kilowat 7 ko fiye a kan tsohuwar wayar.

Yadda ake gane kauri

Hanya mafi sauƙi ita ce karanta rubutun da ke jikin robar. Idan ya goge, sai a kashe wuta daga babban bireka, a tabbatar da na'urar gwaji cewa babu wuta, sannan a auna silin jan ƙarfen:

- 2.5mm²: sili ɗaya mai faɗin kusan milimita 1.78, ko ƙananan silla bakwai
- 4mm²: silla bakwai, kowanne milimita 0.85
- 6mm²: silla bakwai, kowanne milimita 1.04
- 10mm²: silla bakwai, kowanne milimita 1.35

Kaurin roba yana iya ruɗar ido, saboda jabun wayoyi kan zo da roba mai yawa da jan ƙarfe kaɗan, wasu ma alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Lambar da ke jikin bireka ita ma ba hujja ba ce, don ana iya samun babban bireka a kan ƙaramar waya.

Lissafin wuta

Ana raba ƙarfin hita a wat da 230 domin samun adadin ampiya. Hita mai kilowat 3.5 tana jan kusan ampiya 15, mai 8.5 tana jan 37, mai 10.5 kuwa kusan 46. Bisa ƙa'idar Birtaniya ta BS 7671, wayoyi masu robar PVC da aka zura cikin bututu a jikin bango suna ɗaukar ampiya 24 (2.5mm²), 32 (4mm²), 41 (6mm²) da 57 (10mm²). An yi wannan lissafi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40, ƙarfin ɗaukar yana raguwa zuwa kashi 87 cikin ɗari, abin da ya shafi wayar da ta bi ta cikin silin ƙarƙashin rufin kwano a watannin Maris da Afrilu. Nisa tsakanin akwatin bireka da banɗaki shi ma yana sa a ƙara kauri.

Kariya

Hitar shawa tana buƙatar layinta na kanta, ba a jona ta da layin soket. Dole birekanta ya dace da wayar, a kuma haɗa ta da wayar ƙasa mai launin kore da rawaya, tare da na'urar RCD mai miliampiya 30 da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa. Hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaida a Najeriya, yayin da hukumar SON ke kula da ingancin wayoyin da ake sayarwa.