Taimakon Juna Wajen Ɗorewa Kan Barin Shan Taba Sigari a Watannin Farko

Gabatarwa

Mutane da yawa sukan yi niyyar barin shan taba sigari, wasu har su fara, amma kaɗan ne suke ɗorewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba tana hallaka fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma daga cikin masu ƙoƙarin bari su kaɗai ba tare da wani tallafi ba, kimanin kashi 4 cikin ɗari ne kawai suke kai labari. A nan Nijeriya, binciken da aka gudanar a kan manya a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 5.6 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa sama suna amfani da taba, kuma a tsakanin maza adadin ya kai kashi 10.

Mun tanadi wannan bayani ne domin jama'armu na karkara, da masu unguwanni, dagatai, hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi, domin a fahimci irin gudummawar da aboki, maƙwabci ko iyali za su iya bai wa wanda ya bar taba, musamman a watanni uku na farko, lokacin da aka fi samun koma-baya.

Dalilin da ya sa watannin farko suka fi wuya

Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan an zuƙi hayaƙi, sannan ƙarfinsa a cikin jini yakan ragu da rabi cikin kimanin sa'o'i biyu. Wannan ne ya sa mashayi yake neman wani karan ba da jimawa ba, kuma ya sa sha'awar ta fi tsanani da sassafe. Idan mutum ya daina, jikinsa yakan nuna alamun rashin abin da ya saba da shi: saurin fushi, rashin natsuwa, rashin barci, ƙuncin zuciya, kasa mai da hankali kan aiki da kuma yawan jin yunwa. Alamun sukan fi tsananta a rana ta biyu da ta uku, sannan su riƙa raguwa cikin makonni biyu zuwa huɗu. Mafi yawan waɗanda suke komawa, a makon farko suke komawa.

Bayan jiki ya lafa, saura sabo, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa. Wanda ya shekara goma yana kunna sigari bayan cin abinci, ko a teburin mai shayi, ko a tasha yana jiran fasinja, ko a gindin bishiya lokacin hutun noma, duk sanda ya sake samun kansa a wurin sai sha'awar ta taso, ko da ya yi wata biyu rabonsa da ita. Abin lura shi ne kowace sha'awa takan zo ne ta wuce cikin 'yan mintoci. Idan akwai wanda zai ɗauke wa mutum hankali a waɗannan mintoci, to an tsallake. Idan kuma wanda ke kusa da shi miƙo masa kara zai yi, to aikin makonni ya rushe nan take.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2008 wasu masana biyu, Nicholas Christakis da James Fowler, suka wallafa sakamakon nazarin da suka yi kan mutum fiye da 12,000 da aka bi diddiginsu daga 1971 zuwa 2003 a ƙarƙashin binciken lafiyar zuciya na garin Framingham a Amurka. Sun gano cewa mutane sukan bar taba ne rukuni-rukuni. Idan miji ko mata ya bari, yiwuwar ɗayan ya ci gaba da sha takan ragu da kashi 67 cikin ɗari. Idan aboki ne, da kashi 36. Idan ɗan'uwa ne na jini, da kashi 25. A ƙananan wuraren aiki inda kowa ya san kowa, barin abokin aiki yakan rage ta da kashi 34.

Haka kuma a wani gwaji da aka wallafa a Ingila a 1998, an haɗa masu son bari biyu-biyu domin su riƙa tuntuɓar juna, aka ga sun fi waɗanda aka bari su kaɗai samun nasara a makonni huɗu na farko. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna cewa haɗa mutum da aboki kaɗai ba ya tabbatar da ɗorewa na dogon lokaci. Abin da aka fi samun tabbaci a kansa shi ne zaman rukuni a ƙarƙashin jagorancin wanda ya samu horo ya fi a miƙa wa mutum takardar bayani a sallame shi, kuma nasara ta fi yawa idan an haɗa shawara da magani. A watan Yuli na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan yi wa manya maganin barin taba, inda ta amince da gajeriyar shawarar ma'aikacin lafiya ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3, da shawara mai zurfi ta mutum ɗaya, ta rukuni ko ta waya, tare da magunguna irin su cingam da filastar nikotin da wasu ƙwayoyi da likita yake rubutawa.

Saboda haka taimakon juna ƙari ne a kan aikin asibiti. Ma'aikacin lafiya zai ga mutum na ɗan lokaci, amma abokin majalisa da iyalin gida su ne suke tare da shi safe da yamma.

Wanda ya dace ya zama mataimaki

Mun fi ba da shawarar a zaɓi wanda ya taɓa sha ya bari, ya kuma ɗauki lokaci mai tsawo bai koma ba, domin ya san zafin abin kuma maganarsa ta fi shiga. Idan babu, mutum biyu za su iya sa rana ɗaya su bari tare, da sharaɗin cewa idan ɗaya ya koma ba zai ja ɗan'uwansa ba. Wanda bai taɓa sha ba shi ma yana iya taimakawa, muddin yana da haƙuri da riƙon sirri. Ya kamata mai barin ne da kansa zai zaɓi mataimakinsa. Wanda aka ɗora wa mutum a matsayin mai sa ido ba ya samun gaskiya daga bakinsa.

Ayyukan mataimaki mataki-mataki

Kafin ranar bari. A zauna a tsayar da rana cikin makonni biyu masu zuwa. A lissafa lokuta da wuraren da mutumin ya saba sha, a tsara abin da zai yi a madadin kowanne. A fitar da ragowar sigari, ashana da abin kunnawa daga ɗaki, aljihu, shago da mota. A sanar da abokan zama domin kada a riƙa yi masa tayi, a kuma roƙi mai tireda da ya saba ba shi bashi ya daina.

Makon farko. A riƙa haɗuwa ko kiran waya kullum, musamman da safe da kuma bayan cin abincin dare. Mai barin ya samu izinin kiran mataimakinsa a duk lokacin da sha'awa ta taso. A tuna masa abubuwa huɗu: ya jinkirta na 'yan mintoci, ya ja dogon numfashi a hankali, ya kurɓi ruwa, sannan ya tashi ya kama wani aiki. Tauna asuwaki yana taimaka wa wanda bakinsa da hannunsa suka saba da riƙe kara.

Mako na biyu zuwa na huɗu. Ana iya rage tuntuɓa zuwa sau biyu ko uku a mako. A wannan lokaci a yi haƙuri da saurin fushinsa, domin alama ce mai wucewa. A kuma lura da shayi da goro: hayaƙin taba yana sa jiki ya yi saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a cikinsu, don haka bayan an bari, adadin da aka saba sha ko ci zai fi yin ƙarfi. Rage su, musamman da yamma, yana sauƙaƙa rashin barci da bugun zuciya.

Wata na biyu da na uku. Nan ne mutum yakan ɗauka ya warke, ya ce bari ya ɗana kara ɗaya a wurin biki, ranar kasuwa, a hanyar tafiya ko bayan ɓacin rai. Mataimaki ya riƙa tambaya tun kafin irin waɗannan ranaku su zo, ya kuma ci gaba da leƙawa ko da sau ɗaya ne a mako.

Kalaman da suke ƙarfafawa da waɗanda suke rusawa

Masu bincike sun lura cewa waɗanda suka fi samun yabo da ƙarfafawa daga iyalansu fiye da gori da mita sun fi ɗorewa. Idan uwargida ta ce, "Maigida, sannu da ƙoƙari, yau kwana goma ke nan," ta ƙara masa ƙarfi. Idan aboki ya ce, "Malam, taso ka raka ni kasuwa," a lokacin da ya ga hankalinsa ya tashi, ya yi masa babban aiki. Amma shinshina tufafi, binciken aljihu, tuna masa sau nawa ya gwada ya kasa, ko yi masa dariya a gaban jama'a, duk suna koya masa ɓoyewa ne kawai.

Yana da kyau a riƙa nuna masa ribar da yake samu. Cikin sa'o'i 12 iskar guba da hayaƙi ke zubawa a jini takan koma daidai. Tsakanin makonni 2 zuwa 12 gudanar jini da aikin huhu sukan inganta. Tsakanin wata 1 zuwa 9 tari da haki sukan ragu, kuma bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya yakan koma kimanin rabin na mai sha. Ta fuskar kuɗi, mai shan kara 10 a rana yana ƙona kara 900 a wata uku. Idan masu bari suka kafa adashi suna zuba kuɗin da a da suke kai wa mai tireda, kwasar farko kaɗai ta isa ta zama hujja a gare su da iyalansu.

Idan an samu tuntuɓe

Shan kara ɗaya haɗari ne babba, domin sau da yawa shi ke buɗe ƙofar komawa gaba ɗaya. Duk da haka bai kamata a ɗauke shi ƙarshen magana ba. Abin da ya dace shi ne mutum ya sanar da mataimakinsa a ranar, a zubar da abin da ya rage, a binciko abin da ya jawo, a gyara shiri, a ci gaba. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sun gwada fiye da sau ɗaya kafin su dace.

Muna jan hankali kada a musanya sigari da taba gari, anwuru, lofe ko shisha, domin dukkansu suna ɗauke da nikotin kuma suna da illa. Haka nan kada a nemi sauƙi a wajen ƙwayoyi ko kayan maye.

Lokacin da ya wajaba a je asibiti

Mataimaki ba likita ba ne. A gaggauta kai mutum cibiyar lafiya idan tarinsa ya kai mako biyu, ko yana fitar da jini, ko yana rama da zufar dare, domin a gwada shi tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. Haka kuma idan yana ciwon ƙirji, ko baƙin ciki ya yi masa yawa har yana maganar cutar da kansa. Mai juna biyu, mai ciwon zuciya da wanda yake shan maganin taɓin hankali ko na asma su sanar da ma'aikacin lafiya tun farko, domin barin taba yana iya sa a sake duba adadin wasu magunguna.

Rawar shugabannin al'umma da ma'aikatan ƙananan hukumomi

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita amfani da taba a shekarar 2005, wadda sashe na 14 nata ya ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa masu son bari. Dokar Taƙaita Amfani da Taba ta Ƙasa ta 2015, tare da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2019, ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da sigari kara-kara, da kuma sha a wurare irin su makarantu, asibitoci da motocin haya. Bin wannan doka taimako ne kai tsaye ga wanda ya bari, domin samun kara ɗaya a kowace kwana yana daga cikin abubuwan da suke mayar da mutane.

Kafa rukunin taimakon juna ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mai unguwa ko dagaci zai iya ba da zaure, ma'aikacin cibiyar lafiya matakin farko ya jagoranci zama na sa'a ɗaya a mako har tsawon makonni shida zuwa takwas, mutum shida zuwa goma su riƙa halarta. A kowane zama kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, inda ya sha wuya da yadda ya tsallake, kuma abin da aka faɗa a zaure ya tsaya a zaure. Kwamitocin raya mazaɓu, ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa, ƙungiyoyin manoma da na matasa duk za su iya shirya irin wannan ga 'ya'yansu. Mata kuma a ware musu nasu zaman tare da ma'aikaciyar lafiya. Watan azumi, da ake wuni ba a sha, da ranar 31 ga Mayu wadda duniya ta keɓe domin yaƙi da shan taba, lokuta ne masu kyau na farawa.

Kammalawa

Yawancin masu shan taba a wajen abokai suka koya, kuma a cikin abokai suke sha. Haka nan a cikin abokai ne barinta ya fi sauƙi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga duk wanda ya yi niyyar bari da ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya mafi kusa da shi, ya kuma zaɓi wanda zai tsaya masa tun kafin ranar ta zo. Muna kuma kira ga waɗanda suka riga suka bari da su ware ɗan lokaci a kowane mako domin wanda yake kwanakinsa na farko.