Tarihin Aikin Mai Gabatar da Shirye-shiryen Rediyo na Dare a Ƙasar Gusau

Aikin mai gabatar da shirye-shiryen rediyo na dare, wato ma'aikacin da ake bar wa ɗakin watsa shirye-shirye tun daga bayan sallar isha'i har zuwa rufe tasha ko kiran assalatu, sana'a ce da ba ta cika shekara ɗari ba a ƙasar Hausa, amma gurbin da ta tarar ta zauna a ciki ya girme ta nesa ba kusa ba. A garuruwan Tsafe da Gusau da Bunguɗu, da ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Karakkai, rana ta gona ce da kasuwa, dare kuwa shi aka keɓe wa magana. Bayan isha'i ne tsofaffin mata ke yi wa yara tatsuniya, wadda al'ada ta hana a yi ta da rana. A lokacin ne magidanta ke baje tabarma a ƙofar gida domin hira, almajirai kuma su kewaye wutar kara suna karatu. Sannan akwai sankira, wato mai shelar sarki da ke zagaya gari yana isar da saƙo, da masu tayar da mutane sahur a watan azumi, da ladan wanda muryarsa ke raba dare da safiya. Mai gabatar da shirin dare ya gaji wani abu daga kowane ɗayansu, kuma wannan gado ne ya sa jama'ar karkara suka karɓe shi karɓar ɗan gida.

Rediyo ya fara shigowa Nijeriya ne cikin shekarun 1930 a Legas, ta hanyar wani tsari da ake jan waya daga ofis guda zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da wuraren taruwar jama'a, ta yadda mai sauraro ba shi da zaɓin tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage. Wannan tsari ya isa Kano a 1944, daga baya ya kai wasu manyan biranen Arewa, amma bai iya tsallake ganuwar birni ba, domin inda waya ta tsaya nan magana ke tsayawa. Gusau a lokacin ta riga ta zama cibiyar cinikin auduga da gyaɗa, tun da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a 1929, saboda haka fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawunan kamfanoni na cikin waɗanda suka fara sanin wannan sabon abu. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1951, aka sake mata fasali a 1957, shekarar da sashen Hausa na BBC ya fara aiki da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Babban sauyi ga mutanen karkara ya zo ne a 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, a daidai zamanin da ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir suka fara cika kasuwanni, har manomi ya iya rataya nasa a kafaɗa ya tafi gona da shi.

Akwai dalili na kimiyya da ya ɗaure rediyo da dare a wurare masu nisa da tasha. Igiyoyin da ake watsa shirye-shirye a kansu iri-iri ne, kuma waɗanda suka fi amfani a wancan zamani su ne matsakaicin zango da gajeren zango. Da rana, hasken rana yana haifar da wani shimfiɗi a sararin samaniya mai shanye igiyoyin matsakaicin zango, amma da zarar rana ta faɗi sai shimfiɗin ya gushe, igiyoyin su haura su daki wani shimfiɗi na sama, su dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Don haka muryar da ke zuwa da ƙura-ƙura da azahar takan fito tangaran bayan magariba a gindin dutsen Kwatarkwashi ko a fadamun Bunguɗu. Rediyon Kaduna, wanda a wancan zamani ake kamawa a kan mita 49 a gajeren zango, da sashen Hausa na BBC mai shiri da ƙarfe takwas da rabi na dare, da Muryar Amurka wadda ta buɗe sashen Hausa a 1979 ta kuma riƙa gabatar da shiri da ƙarfe tara da rabi, duk sun samu mafi yawan natsuwar masu sauraro a sa'o'in da aka gama aiki aka zauna hira.

A zamanin da gidajen rediyo ke hannun gwamnati kaɗai, tashoshi ba su kwana suna aiki. Sukan rufe wajen tsakar dare da taken ƙasa, su sake buɗewa da asuba da karatun Alƙur'ani. Saboda haka ainihin ma'aikacin dare na lokacin shi ne mai jiran tasha, wato mai sanarwar da ke haɗa shiri da shiri, yana faɗin lokaci da sunan tasha, yana karanta sanarwar rasuwa da cigiya da ɗaurin aure, yana kuma rubuta a littafin aiki duk abin da ya fita da minti da ya fita. Sau da yawa wanda zai buɗe tasha da asuba a harabar gidan rediyon yake kwana, domin jinkirin minti biyar laifi ne da dubban mutane za su shaida. A hannun irin waɗannan ma'aikata ne shirye-shiryen gaisuwa, waɗanda Zaɓi Sonka ya fi shahara a cikinsu, suka bunƙasa: mai sauraro ya sayi kati ya rubuta sunayen 'yan uwa da abokan arziki, ya aika ta gidan waya, ya jira makonni kafin ya ji an ambaci sunansa da na ƙauyensu. Ƙwarewar mai gabatarwa takan bayyana ne a wajen furta sunayen garuruwa daidai, da sanin laƙabin masu yawan aiko da kati, da zaɓen waƙar da ta dace da sa'a.

Ƙasar Zamfara ta ba wannan aiki kayan aikinsa masu yawa, domin daga cikinta ne manyan makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi suka fito, kuma faya-fayansu da kaset-kaset ɗinsu ne suka cika ɗakunan ajiyar gidajen rediyo, kamar yadda nazarce-nazarcen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙan Hausa suka taskace tarihinsu. Haka kuma ɗan ƙasar Gummi, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, shi ne malamin da tafsirinsa na watan azumi a masallacin Sultan Bello na Kaduna ya shiga rediyo tun ƙarshen shekarun 1960, ya mayar da daren azumi makaranta ga mutanen da ba su taɓa taka Kaduna ba, kafin daga baya a ƙara da tafsirin Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi. Mai jiran tasha ne ke sa waɗannan kaset-kaset a kan lokaci, yana buɗe su da sallama yana rufe su da addu'a, kuma ya san cewa kuskure a irin wannan wuri ya fi kuskure a ko'ina nauyi.

Amanar da ke wuyan wannan ma'aikaci ta fito fili a zamanin juyin mulkin soja, lokacin da gidan rediyo ya kasance cikin wuraren farko da masu juyin mulki ke kamawa. A ranar 15 ga Janairu 1966 ta gidan rediyon Kaduna ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa bayan kisan Sardauna, kuma a ranar 22 ga Afrilu 1990 ta Rediyon Tarayya da ke Legas ne Manjo Gideon Orkar ya yi shelar cire jihohi biyar daga Nijeriya, ciki har da Sakkwato, wadda Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke ƙarƙashinta a lokacin. A irin waɗannan ranaku, ƙananan ma'aikatan da aiki ya faɗa kansu ne ke fara ganin bakin bindiga, alhali manyansu na gida.

Shirin da ke kaiwa har asuba ya samu ne bayan sauye-sauye uku. Na farko shi ne yawaitar tashoshin jihohi: an ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976 da gidan rediyonta na Rima, sannan aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, ta kafa nata a Gusau, daga baya Rediyon Tarayya ya buɗe tashar Pride FM a garin, lamarin da ya sa mai sauraro ya fara jin karin harshensa na Zamfarci daga bakin mai gabatarwa. Na biyu shi ne dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo, wadda ta haifar da tashar Ray Power a Legas a 1994, mai aiki dare da rana ba rufewa, da Freedom Radio a Kano a 2003. Na uku shi ne shigowar wayar salula a 2001, wadda ta maye gurbin katin gaisuwa, ta mayar da shirin dare hira kai tsaye tsakanin mai gabatarwa da mai kira. Duk da haka tsadar man injin wuta da ƙarancin tallace-tallace bayan tsakar dare sun sa tashoshi da dama a Arewa na taƙaita sa'o'insu, sai a watan azumi da shirye-shiryen sahur ke raya daren gaba ɗaya.

Hanyar shiga wannan sana'a ba ta sauya sosai ba. Matashi yakan fara a matsayin ɗan koyo ko mai aikin wucin gadi da ake biya gwargwadon shirin da ya yi, a gwada muryarsa, a koya masa numfashi a gaban makirufo da karanta rubutu ba gargada, sannan a jarraba shi da aikin dare, inda babu shugaban da zai gyara masa kuskure nan take. Wanda ya jure yakan haura zuwa karanta labarai ko shirya nasa shirin, wasu su kai ga shugabancin sashe, wasu kuma su zaɓi zama a daren saboda shaƙuwa da masu sauraronsu. Farashin wannan zaɓi shi ne barcin rana da ba ya ƙosarwa, da rasa hirar iyali, da komawa gida a lokacin da hanya ta yi tsit. Ladarsa kuwa ita ce sanin waɗanda ke jiransa: mai shayi a tashar mota, da maigadi, da mai gasa burodi, da ma'aikaciyar jinya, da mai jego, da direban babbar mota da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe yana neman Sakkwato.

Matsalar tsaro da ta addabi Zamfara tun fiye da shekara goma ta ƙara wa muryar mai gabatar da shirin dare nauyi, domin dare ya zama lokacin fargaba a ƙauyuka da yawa, kuma 'yan sintiri da magidantan da ke kwana ido biyu sun shiga sahun masu sauraro. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, akwatin rediyo na cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa mutanen karkara na sanin halin da ake ciki. A irin wannan yanayi, mai gabatarwa da ya yaɗa jita-jita zai iya tayar da ƙauye guda cikin dare, wanda ya tantance magana kafin ya furta ta kuwa ya kwantar da hankalin dubbai.

Magana zarar bunu ce, maganar rediyo kuma iska ke tafiya da ita, shi ya sa mafi yawan abin da waɗannan ma'aikata suka faɗa cikin shekaru sittin bai bar sawu a takarda ba, kaset-kaset da dama kuma zafi da ƙura sun cinye su. Tsofaffin masu jiran tasha da suka yi aiki a Kaduna da Sakkwato da Gusau, da tsofaffin masu aika katin gaisuwa na Karakkai da maƙwabtanta, su ne taskar da ta rage, kuma haƙƙi ne a kan sassan nazarin Hausa da na aikin jarida, musamman na Jami'ar Tarayya da ke Gusau, su zauna da su su naɗi bayaninsu tun suna da rai.