Sauyin matsin iska a hasashen yanayin Khartoum

Sauyin matsin iska shi ne hawa ko saukar nauyin iska a wuri ɗaya cikin wani lokaci, galibi awa 3. Ana auna shi da barometa, na'urar da Evangelista Torricelli ya ƙirƙira a Italiya a 1643. Matsakaicin matsi a daidai doron teku hektofaskal 1013.25 ne. Saukar matsin iska kan nuna hadari na tafe, hawansa kuma sararin sama zai washe.

A Khartoum da Omdurman, kamar a sauran wurare masu zafi, matsin kan hau da misalin ƙarfe 10 na safe da na dare, ya sauka wajen ƙarfe 4 na yamma da na asuba. Saboda haka masu hasashe kan kwatanta awon yau da na jiya a sa'a iri ɗaya.

Daga Mayu zuwa Satumba ake fama da habub, guguwar ƙura mai rufe unguwanni irin su Alsahafa a kudancin Khartoum. Idan ta iso, matsin kan yi tsalle nan take, zafi ya ragu. Masanin yanayi L. J. Sutton ya wallafa nazari a kan habub a 1925. Hukumar Kula da Yanayi ta Sudan ce ke da alhakin fitar da hasashe.