Duba gida kafin saye: ko kuɗin injiniya asara ne?

'Yan uwanmu da ke Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal da dama suna turo kuɗi a saya musu gidan haya a Suleja da kewayenta, har zuwa Dikko, Lambata da nan Gawu Babangida, hedikwatar ƙaramar hukumar Gurara. Dalilin a bayyane yake: tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, ma'aikatan da hayar birnin ta fi ƙarfinsu suke kwararowa Madalla da Suleja. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce, shin lallai sai an biya ƙwararre ya duba gidan? Amsata ita ce e, sai a yanayi guda da zan faɗa a ƙasa.

Mu 'ya'yan masu fataucin shanu mun san ba a sayen sa da maganar dillali. Sai an buɗe baki an ga haƙora, an duba kofato, an kaɗa shi an ga tafiyarsa. Dillali la'adarsa tana cikin faɗuwar ciniki ne, ba cikin lafiyar kaya ba. Haka gida yake. A ce gidan naira miliyan 20 ne, dillali ya karɓi kashi 5 cikin 100, miliyan ɗaya ke nan. Wanda ya biya wannan ba gardama, bai kamata ya yi ƙyashin kuɗin wunin injiniya ba.

Wa za a kira? Injiniyan gini mai rajista da COREN, ko magini mai rajista da CORBON. Birkilan da mai gida ya kawo ba ya cikin lissafi. Kai za ka biya shi, kuma ya ba ka rahoto a rubuce da hotuna.

Abin da zai duba: na farko tsagewar bango. Siririn tsagu a filasta ba komai ba ne, amma wanda ya taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa yana iya nuna fandisho na zaunawa. Sai danshin da ke hawa bango daga ƙasa, wanda sabon fenti kan ɓoye. Sai ya hau silin ya ga ko gara ta ci katako, ko kwano na yoyo. Sai ƙarfin bulo, wayoyin wuta, da nisan sokawe daga rijiya. A tambayi bashin kuɗin wuta da ke kan gidan, don sabon mai gida ake bi.

Lokacin dubawa ma yana da muhimmanci. Gidan da ka gani tsaf da rani, ka koma masa a watan Agusta. Ambaliyar Yulin 2017 ta ci rayuka da gidaje a Suleja, kuma gidajen bakin rafi ne suka fi jin jiki. Ka tambayi maƙwabta iyakar inda ruwa ke kaiwa.

Takarda kuwa dubawarta daban ce, injiniya ba ya yin ta. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai C of O yana buƙatar amincewarsa. Lauya zai binciki takardar a hukumar NIGIS da ke Minna, safiyo ya auna iyaka. A ƙauyuka sau da yawa takardar ƙaramar hukuma ce da shaidar mai unguwa, to a je a tabbatar da su. In gidan gado ne, duk magada su sa hannu.

Yaushe ne ba a buƙatar injiniya? In tsohon gini ne da za ka rushe, fili kake saye. Nan lauya da safiyo sun isa.

Rahoton nan kuma makamin ciniki ne. In ya nuna rufi na son canji, sai a cire kuɗinsa daga farashi. In mai gida ya hana a duba, ya ce akwai mai saye yana jira, ka bar masa kayansa. Kai da ke Legas ba za ka riƙa hawa mota duk damina don ɗan haya ya kira ka ba. Allah Ya sa a saya a sa'a.