Sunayen lardunan Rasha a taswirar wasannin kwamfuta da abin da tarihi ya tabbatar

Wasannin kwamfuta na dabarun mulki da yaƙi, waɗanda mai wasa ke riƙe ragamar wata ƙasa a zamanin da ya shuɗe, sun zama ƙofar da matasa da dama ke fara sanin taswirar duniya ta da. Daga cikin fitattunsu akwai Europa Universalis IV na kamfanin Paradox da ke ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2013. Wasan yana farawa ne daga ranar 11 ga Nuwamba, 1444, ya ƙare a 1821. Akwai kuma Victoria 3 da ya ƙunshi shekarun 1836 zuwa 1936, da Hearts of Iron IV da ke farawa a 1936. A dukkansu an yanyanka ƙasa gida-gida, kowane yanki da sunansa.

Rasha na cikin ƙasashen da daidaita waɗannan sunaye ke da wuya, domin garuruwanta da yawa sababbi ne, wasu kuma an sauya musu suna sau biyu ko uku. Ba a iya yanke hukunci kan suna sai an san abu uku: shekarar da taswirar ke nunawa, da wanda ke mulkin wurin a lokacin, da kuma ko sunan na gari ne ko na yanki.

Sunan da ya riga garinsa

A 1444 babu dunƙulalliyar ƙasa mai suna Rasha. Akwai masarautar Mosko, da Novgorod, da Tver, da Ryazan, da Pskov, yayin da daulolin Tatar irin su Kazan ke riƙe da mafi yawan kwarin kogin Volga. Mosko ta haɗiye Novgorod a 1478, Tver a 1485, Pskov a 1510, sai Ryazan a 1521. Sarki Ivan na Huɗu ya ci Kazan a 1552, ya ci Astrakhan a 1556.

Bayan waɗannan nasarori ne aka kafa garuruwan tsaro a bakin Volga: Samara a 1586, Tsaritsyn a 1589, Saratov a 1590. A arewa an kafa Arkhangelsk a 1584, kafin nan kuwa Kholmogory ce cibiyar kasuwancin yankin. A Saibiriya an kafa Tobolsk a 1587. Ke nan duk taswirar 1444 da ta ɗauki sunan Saratov ta riga garin da shekara 146.

Sai dai ba kowane irin wannan suna ne kuskure ba. Kogin Samara ya girmi garin Samara, kuma daga kogin garin ya samo suna, don haka ana iya kare lardin da aka kira Samara idan yankin kogin ake nufi.

Gari ɗaya, sunaye da yawa

Sarki Peter na Ɗaya ya kafa St Petersburg a 1703 a bakin kogin Neva, a yankin da ya ƙwace daga hannun Suwidin. A 1914, da aka shiga yaƙi da Jamus, aka mayar da sunan Petrograd saboda tsohon yana da amon Jamusanci. A 1924, bayan mutuwar Lenin, ya koma Leningrad, sannan aka dawo da sunansa na asali a 1991. Wasan da ya taso daga 1836 zuwa 1936 yana ratsa sunaye uku na wannan birni guda.

Haka Tsaritsyn ta zama Stalingrad a 1925, ta koma Volgograd a 1961. Tver ta zama Kalinin a 1931, Nizhny Novgorod ta zama Gorky a 1932, Samara ta zama Kuybyshev a 1935. Saboda haka taswirar 1936 da ta rubuta Stalingrad da Gorky da Kuybyshev ta yi daidai. Amma idan ta kira Orenburg da Chkalov, ko Perm da Molotov, ta yi gaggawa, domin sai a 1938 da 1940 aka yi waɗannan sauye-sauye, kuma an soke su duka biyu a 1957.

Sunan da ya yi ƙaura

Wani abin da ke rikita masu zana taswira shi ne sunan da ya tashi daga wani wuri ya sauka a wani. Rundunar Mongol ƙarƙashin Batu ta ragargaza tsohuwar Ryazan a 1237. Birnin da ake kira Ryazan a yau wani gari ne dabam, Pereyaslavl-Ryazansky, wanda ya gaji sunan a hukumance a 1778. A 1444 daidai ne a kira masarautar Ryazan, amma babban birninta yana da nasa sunan.

Haka batun Perm yake. A ƙarni na 15 sunan na wata ƙasa ce a saman kogin Kama mai cibiya a Cherdyn, yayin da birnin Perm na yau ya samo asali ne a 1723, can kudu da nan. Ita kuwa Vyatka sunan yanki ne da kogi. An san babban garinta da Khlynov har zuwa 1780, sannan Vyatka, daga 1934 kuma Kirov.

Lardin kansa ya sha sauyawa

Ba sunaye kaɗai ke sauyawa ba, har da tsarin yanka ƙasar. An raba ƙasar Novgorod gida biyar, Mosko kuma ta yi amfani da ƙananan gundumomi da ake kira uyezd. A 1708 Peter ya kafa manyan larduna takwas da ake kira guberniya, cikinsu har da Mosko, Kazan, Smolensk, Azov da Saibiriya. Wanda St Petersburg ke ciki an fara kiransa Ingermanland, sai a 1710 ya ɗauki sunan birnin. A 1775 Sarauniya Catherine ta Biyu ta sake fasalin lardunan ta ƙara yawansu, har suka kai kimanin 50 a ƙarshen mulkinta. Tarayyar Sobiyet ta gama rushe tsarin guberniya a Rasha a 1929, ta maye gurbinsa da oblast da krai.

Lardin da ake gani a wasa, saboda haka, yanki ne da masu tsara wasan suka shata domin sauƙin motsa dakaru da karɓar haraji. Iyakarsa ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, alhali iyakokin gaskiya sun motsa sau da yawa. Ko a yau sunan gari da na lardinsa ba lallai su zo ɗaya ba: yankin da ke kewaye da St Petersburg har yanzu Leningrad ake kiransa, kuma Yekaterinburg ce hedikwatar lardin Sverdlovsk.

Suna alama ce ta iko

Domin rage wannan matsala, Europa Universalis IV yana da tsarin da ke sauya sunan lardi gwargwadon ƙasar da ta mallake shi ko harshen masu mulkinta. Tarihi na goyon bayan hakan. Garin da Suwidin ta kafa a 1293 ta kira shi Viborg, mutanen Finland na ce masa Viipuri, Rashawa kuma Vyborg. Königsberg ta Jamus ta zama Kaliningrad a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1775 Catherine ta sauya sunan kogin Yaik zuwa Ural domin shafe ambaton tawayen Pugachev da ya taso daga can.

Amma wannan tsari yana bin sauyin mai mulki ne, ba ya bin sauyin shekara. Khlynov ta zama Vyatka ba tare da wata ƙasa ta ci ta da yaƙi ba, umarnin fada ne kawai. Ɗalibin da zai ɗauki suna daga taswirar wasa ya kai shi aji ko cikin rubutu, ya kamata ya fara duba shekarar da aka kafa garin da shekarar da aka raɗa masa sunan, ya gwada su da shekarar da taswirar ke nunawa.