Tarihin Bizar H-1B a Amurka

H-1B biza ce ta wucin gadi da Amurka ke ba ƙwararrun baƙi masu digiri, galibinsu injiniyoyi da masu rubuta manhajar kwamfuta. Kamfani ne ke nema wa ma'aikaci ita. Wa'adinta shekara 3, ana iya sabuntawa har ya kai 6.

Tushenta dokar shige da fice ta 1952, wadda ta ware rukunin H-1 domin baƙin da suka yi fice a sana'arsu. Siffarta ta yau kuwa dokar 1990 ce ta ba ta, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu, aka ƙayyade gurabe 65,000 a shekara. Da harkar intanet ta bunƙasa, kamfanoni suka yi ta kukan ƙarancin ma'aikata, majalisa ta ɗaga adadin zuwa 115,000 a 1998, sannan 195,000 a 2000. A 2004 ya koma 65,000, aka kuma ware ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka. Masu nema sun yi wa guraben yawa, har aka koma zaɓe da ƙuri'a. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu samu 'yan Indiya ne.

Muhawarar ta daɗe. Kamfanoni na cewa babu isassun ƙwararru a gida, ma'aikatan gida kuma na cewa araha ake bi. Masu wannan ra'ayin sukan kafa hujja da abin da ya faru a kamfanin Disney a jihar Florida a 2015, inda aka sallami ma'aikatan kwamfuta kimanin 250, wasunsu sai da suka koya wa baƙin da za su gaje su aikin.

Sai dai babban aibin tsarin shi ne ɗaure baƙo da aka yi a jikin kamfani. Wanda aka sallama yana da kwana 60 kacal ya sami wani aiki ko ya tattara nasa-ya-nasa. Takardar zama ta dindindin kuma ba a ba 'yan ƙasa ɗaya fiye da kashi 7 cikin 100 na adadin da ake bayarwa a shekara, don haka Ba'indiye kan shafe shekaru masu yawa yana jira. Mai wannan hali ba ya iya buɗe baki ya nemi ƙarin albashi, kuma shirunsa yana karya darajar aikin ɗan ƙasa ma.

A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da babban ƙudurin gyaran dokar shige da fice da ƙuri'a 68 da 32, Majalisar Wakilai ta ƙi ko dubawa. Tun daga nan sauye-sauyen sun fi fitowa daga ɓangaren zartarwa. A Satumban 2025 Shugaba Donald Trump ya ɗora kuɗi dala 100,000 a kan sabbin buƙatun bizar.